Game da Dire Straits: sirrin yana cikin yatsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, tare da roƙon ku ware wa ƙungiyar Dire Straits lokaci a shirinku na kiɗe-kiɗen ƙasashen waje. Matasanmu masu koyon jita suna yawan kwaikwayon salonta, amma galibi a baibai suke ɗauko shi, kuma gyaran ba shi da wuya.

A 1977 aka kafa ƙungiyar a unguwar Deptford da ke Landan. Su huɗu ne: Mark Knopfler mai waƙa da babbar jita, ƙanensa David, John Illsley mai jitar bas, da Pick Withers mai ganguna. Ma'anar sunan shi ne mawuyacin hali, kuma halin da aljihunsu ke ciki ke nan a lokacin. Wani mai gabatar da shiri a rediyon BBC na Landan, Charlie Gillett, shi ya fara sa kaset ɗinsu na gwaji mai ɗauke da waƙar "Sultans of Swing", daga nan kamfanoni suka yi musu caa. Faifansu na farko ya fito a 1978. Na biyar, Brothers in Arms, wanda aka naɗa a tsibirin Montserrat aka fitar a 1985, shi ya kai su ƙololuwa: an sayar da fiye da miliyan 30, kuma shi ne kundin farko da aka sayar da miliyan guda a faifan CD. A 1988 sun yi wasa a filin Wembley na Landan a bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, yana kurkuku. A 1995 suka watse.

To me ya sa har yau ake sauraronsu? Ni dai hannun Knopfler nake ba wa kaso mafi tsoka. Yawancin makaɗan rok suna kaɗa tsarkiya da ɗan faifan roba. Shi da tsokar yatsa yake kaɗawa: babban yatsa, manuniya da na tsakiya, sauran biyun kuma ya dogara su a jikin jitar. Babban yatsa ya danna ƙasa, manuniya ta fizgo sama, tsarkiyar ta koma ta bugi ƙarfen gaɓa ta yi wannan ƙarar ta tas. Duk wanda ya san yadda ake tsinkar molo ko gurmi ba zai ga abin a matsayin baƙo ba.

Ga inda masu koyo ke kuskure. Na ɗaya, suna ƙure amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, har sautin ya dushe ya yi kaushi. "Sultans of Swing" sauti garau take so. Jitar Fender Stratocaster, irin wadda Knopfler ya kaɗa waƙar da ita, tana da na'urar ɗaukar sauti guda uku. A ajiye makunnin tsakanin ta tsakiya da ta kusa da gindin tsarkiya, a rage kaushin amfilifaya sosai. Baitin kuma haɗin sauti huɗu ne kawai, wato Dm, C, Bb, A, ba wani abin tsoro. Wahalar tana cikin 'yan gajerun amsoshin da jita ke ba murya bayan kowane layi, kamar 'yan amshi. Wanda ya cika wannan gurbi da hayaniya ya ɓata waƙar. Kuma a kashe tsarkiyoyin da ba a so da gefen tafin hannu, in ba haka ba duk su shida za su riƙa gunji tare.

Na biyu, waƙarsu "Romeo and Juliet". Mutane kan kwana suna fama da ita a ɗaurin tsarkiya na yau da kullum, ba ta fita, su ce hannunsu ne. Ba hannu ba ne, ɗauri ne. A sassauta tsarkiya ta shida daga E zuwa D, ta biyar daga A zuwa G, ta ɗaya daga E zuwa D, sannan a ɗaura kapo, wato maƙalin da ke danne tsarkiyoyi duka, a gaɓa ta uku ta wuyan jitar. Da jitar ƙarfe ƙirar National ta 1937 Knopfler ya kaɗa ta, wadda hotonta ke bangon Brothers in Arms, shi ya sa amon yake da ƙara irin ta kwano. Jitar katako ma za ta yi, sai dai ba ta kai wannan kaifin.

Abin da ya sa na ce batun ya shafe mu: Bombino, makaɗin Abzinawa na Agadas, ya sha faɗin cewa a shekarun gudun hijira ya koyi abubuwa da yawa daga kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler. Da za ku jera waƙarsa guda da "Sultans of Swing" a shiri ɗaya, ku gayyato makaɗi ya nuna aikin yatsun nan uku a hankali, masu koyo za su ji bambancin da kunnensu.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Damagaram