Bishiyar Kotinwud da Dabbobin da Ke Dogara da Ita

Ya Mai Girma Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a jaridarku domin in yi bayani a kan kotinwud, bishiyar bakin kogunan Arewacin Amurka wadda jihohin Kansas, Nebraska da Wyoming suka ɗauka a matsayin bishiyar jiha.

Ga mai son dasa ta, aikin ba shi da wuya. Idan aka yanko reshe aka soka shi a ƙasa mai laima inda rana ke buɗe, yakan yi saiwa, ya riƙa ƙara fiye da mita 1 a shekara har ya kai mita 30. Sai dai a nisanta ta da gida, domin saiwoyinta na bin bututun ruwa, rassanta kuma na karyewa idan iska ta taso. Namiji daban ne, mace daban, kuma macen ce kaɗai ke zubar da farar audugar da ke ɗauke da iri, wadda wasu ke ƙyamar bishiyar saboda ita. A ganina, wannan ƙorafi bai kai ya hana dashe ba.

A daji kuwa lamarin ya fi tsauri. Irin yana mutuwa cikin mako ɗaya ko biyu idan bai faɗa kan jiƙaƙƙen yashin da ambaliya ta bari ba. Tun da aka gina madatsun ruwa a kogin Missouri, da kuma madatsar Cochiti a kan kogin Rio Grande a shekarun 1970, ambaliyar ta ragu, tsofaffin bishiyoyi suna ta mutuwa, ƙananan da za su gaje su kuwa sun yi ƙaranci.

Asarar ta fi shafar dabbobi. Gaggafa da zalɓe suna sheƙa a manyan rassanta, barewa na cin tohonta, dabbar ruwan nan da ake kira biba kuma tana cin ɓawonta, ta datse rafi da itacenta. Da yake itacen yana da laushi, tsuntsaye masu sassaƙar itace suna haƙa rami a jikinsa, idan sun tashi mujiya da jemage su tare a ciki. Saboda haka tsohuwar bishiya mai kogo, wadda ake gaggawar sarewa, ita ce ta fi tara masu rai, kuma ya dace a bar ta a tsaye matuƙar ba ta kusa da gida ko hanya.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku