A je Pemba lokacin tsinkar kanumfari

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na makon jiya kan Zanzibar, kuma na ji daɗinsa. Sai dai kusan duk hirar ta ƙare a kan farin rairayin bakin teku da otal-otal na tsibirin Unguja. Pemba, ƙanwarta da ke arewa, ko sau ɗaya ba a ambace ta ba. Ni mai sayar da kayan ƙamshi ne, na taɓa yin kwanaki a can, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Larabawa na kiran Pemba Jaziratul Khadra'u, wato koren tsibiri, kuma sunan ya dace da ita. Tuddai ne da kwaruruka, shinkafa a fadama, rogo da ayaba da kwakwa a gefe, saman tuddan kuwa bishiyoyin kanumfari. Asalin bishiyar daga tsibiran Maluku na Indonesiya take. Sarki Sayyid Sa'id na Oman, mai mulkin Zanzibar a lokacin, shi ne ya matsa a shuka ta a ƙarni na 19, kuma bayi ne suka yi wahalar gonakin, wannan bai kamata a ɓoye ba. Da guguwar 1872 ta kwantar da gonakin Unguja, sai noman ya koma hannun Pemba, har yau.

Kanumfarin da muke jefawa a shayi da zoɓo da kunu toho ne da ba a bari ya buɗe ba. Mutum zai hau doguwar bishiya ya tsinke shi da hannu, a zauna da dare ana ware shi daga karansa, a shanya a tabarma kwana huɗu ko biyar har ya yi duhu. Tsakanin garuruwan Wete da Chake Chake shanya ce a bakin hanya, ƙamshi har cikin mota. Ana faɗowa daga bishiyar nan, ana karyewa. Bayan duk wannan, manomi ba shi da wanda zai sayar wa sai hukumar gwamnati, ZSTC, a farashin da ta yanka, dalilin ke nan wasu ke bin dare da kwale-kwale su tsallaka da shi Kenya. Wannan labari ne da masu sauraronku manoma za su gane tun kafin a gama faɗa.

Sai kuma jemage. Pemba na da wani babba mai jan ƙirji, faɗin fukafukansa ya haura mita 1.5, babu shi a ko'ina a duniya sai can. Farauta da saran daji sun kusa ƙarar da shi a farkon shekarun 1990. Mutanen ƙauyuka ne da kansu suka kafa ƙungiyoyi suka hana harbinsa, ya dawo dubbai. A wani wuri da ake kira Kidike na gan su suna reto a bishiyoyin wata tsohuwar maƙabarta, inda ba mai taɓa su. Masu mangwaro na kuka da shi, gaskiya ne, amma shi ke yaɗa irin bishiyoyin kurmi irin na Ngezi.

Rairayin ma akwai, a Vumawimbi da tsibirin Misali, inda kunkurun teku ke fitowa ya yi ƙwai. Amma a watan Maris na 2024 yara 8 da wata mata sun rasu a Pemba bayan cin naman kunkurun teku mai guba, Allah ya jiƙansu. Ban ji wannan a shirinku ba.

Roƙona, Malam, idan za ku sake waiwayar yankin, ku tura wakilinku Pemba lokacin tsinka. Ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Mkoani, ya zauna a kan tabarmar shanya, ya tambayi manomi nawa aka saya masa kilo bana.

Naku,
Mai sauraro daga Kano