A daina korar mata daga filin wasa saboda kuskure ɗaya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya a nan Garwa. Yanzu alhamdulillahi mata sun fara fitowa motsa jiki, ranar Asabar da sassafe kafin rana ta buɗe za ka ga wasu na zagaye, wasu kuma sun haɗa ƴar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ko ta hannu irin de-zero, wato ƙwallon nishaɗi ta ƙarshen mako da mazajenmu suka daɗe suna yi. Amma ba sa daɗewa, kuma kowa sai ya ce ai miji ne ya hana ko aikin gida, eh akwai wannan, amma wallahi da yawa kunya ce take korarsu.

Mace ce da ƴaƴanta, likita ya ce mata hawan jini ya fara taɓa ta, ta daure ta sayi kambas ta zo, ƙwallo ta zo mata gaban raga ta sheƙa ta sama, masu babur da suka tsaya kallo suka kwashe da dariya, abokiyar wasanta kuma ta ce haba Hajiya ko makaho ai zai ci wannan. Daga nan sai ka ga ta koma gefe tana ta gyara ɗankwali, in an miƙo mata ƙwallo ta kauce, da daddare kuma a gurup ɗin WhatsApp a sake tono maganar har da ƴan hotunan dariya. Sati mai zuwa ba za ka gan ta ba, shikenan.

Ƴar yayata da ke Montreyal a Kanada ta shiga ƙungiyar mata masu wasan hoki na kan ƙanƙara, na nishaɗi ne kawai ba na neman kuɗi ba, kuma da girmanta ta fara. Wasa ne da ake yi da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, ana kora ɗan faifan baƙar roba da sanda, mutum 6 kowane ɓangare har da gola, a ƙa'ida zango 3 ne kowanne minti 20. Sabon shiga faɗuwa yake yi ba iyaka, ga santsi ga sanyi. Abin da ya fi burge ni shi ne in ban da gola ba wanda ke daɗewa a fili, minti ɗaya ko biyu ka fito ka zauna a benci wata ta shiga wasa na ci gaba, kafin ka gama haki an sake kiranka. Ta ce min Anti in kika tsaya tunanin faifan da kika zubar ɗazu toh na gaba ma wuce ki zai yi, shi ya sa in mutum ya dawo benci sai su ɗan buga masa sanda a ƙwauri alamar ba komai, a wuce wurin. Su ma ɗin sai 1998 aka saka wasan nasu na mata a gasar Olimfik, a Nagano ta ƙasar Japan, da can ana ganin na maza ne.

Kuma ba sai mun je Kanada ba. Wa ya manta wasan ƴan matanmu na Kamaru da Niyuzilan a kofin duniya na 2019 a Faransa? Muna gaba da ci ɗaya, saura kamar minti 10 a tashi ƴar bayanmu ta zura ƙwallo a ragarmu da ƙafarta, aka koma kunnen doki, kuma kunnen doki na nufin mu tattara mu dawo gida. Da sun tsaya zaginta da hararta ai da an gama, amma suka ci gaba da kai hari har Ajara Nchout ta yanke masu tsaron baya ta ci a minti na 95 muka wuce zagaye na gaba. Waɗannan fa ƙasa guda ke kallonsu, mu kuwa ba kofi ba albashi, lafiya muka fito nema, in ruwa ya zube ya bar tulu ai ya yi kyau.

Roƙona ga shugabannin waɗannan ƙungiyoyi a Garwa da Marwa da Gaundare, a sa doka, abin da ya faru a fili ya tsaya a fili, kar a kai shi waya. A riƙa canji akai-akai yadda wadda ta rikice za ta fito ta sha ruwa ta koma, kar a ajiye ta a benci har a tashi kamar horo. Wadda ta fi iya wasa ita ce ya kamata ta fara miƙa wa mai kuskure ƙwallo ta gaba. Samari masu tsayawa kallo kuma ku ji tsoron Allah, sa'o'in iyayenku ne fa. Ku ma Malam Edita a shafinku na wasanni ku riƙa leƙo mu, in mace ta ga an buga labarin irinta zai yi wuya ta ajiye kambas ɗinta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karanta ku kullum,
daga Garwa, Kamaru