Garin da rana ke tafiya hutun wata huɗu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in shigar da ƙorafi guda. Ba na siyasa ba ne, don na ga shafin wasiƙu ya ƙoshi da wannan.

Shafinku na labaran ƙetare ba ya tunawa da wata ƙasa sai an yi yaƙi a cikinta, ko girgizar ƙasa, ko ana buga ƙwallo. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare. Yaran da nake koyarwa sun haddace sunan mai tsaron gida na kowace ƙungiya a Ingila, amma in na ce musu akwai garin da rana ke faɗuwa a ƙarshen Oktoba, ba ta sake leƙowa sai tsakiyar Fabrairu, sai su dubi juna suna ƙunshe dariya, wato Malam ya shiga tatsuniya. Na gwada musu da ƙwallon duniya da tocila, na zana a allo cewa duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, suka rubuta, suka ci jarrabawa, amma a zuci ba su yarda ba. Abin da ya raba gardamar shi ne wata kyamara da aka kafa a garin Longyearbyen, wadda duk mai waya da ɗan data zai iya leƙawa ta intanet ba tare da ya biya ko sisi ba.

Garin yana tsibiran Svalbard ne, ƙarƙashin mulkin Norwe, a digiri 78 arewa, kimanin kilomita 1,300 daga ƙuryar arewacin duniya. Mutanensa ba su kai 3,000 ba. Wani Ba'amurke, John Longyear, ya kafa shi a 1906 don haƙar kwal. Abin da ya sa na zaɓe shi a kan sauran garuruwan ƙanƙara shi ne agogo. Wanda ya tashi daga Injamena ya miƙe arewa sak, bai karkata gabas ko yamma ba, kusan can zai faɗa, don haka a watannin sanyi lokacinmu ɗaya da su. Ba wanda zai ce ai can dare ne shi ya sa. Ƙarfe goma sha biyun ranarmu ita ce tasu.

To ka leƙa a Disamba, lokacin da ake kiran azahar a nan, zufa na bin bayan mutum duk da hunturu. Can duhu ne dunɗum. Fitilun titi a kunne, haskensu ja-ja ya kwanta a kan dusar ƙanƙara. Gidajen katako ne jere a gindin dutse, wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani kore, kuma duk a ɗage suke kan turaku, saboda ƙasar wurin a daskare take shekara da shekaru; in ɗumin ɗaki ya taɓa ta sai ta narke, gini ya zauna. Can sai ka ga wani ya ɓullo daga gefen hoton, fitila ɗaure a goshi, riga mai walƙiya a jiki, ya sunkuyar da kai yana ture iska, ya wuce. Babura masu gudu a kan ƙanƙara na jibge a ƙofar gidaje kamar na 'yan acaba a bakin tasha. Wata rana barewar ƙanƙara, gajera mai kauri, ta shigo har tsakanin gidaje tana tonon ciyawa da kofato, ba wanda ya ko waiwaye ta. Yaron da ya fi kowa gardama a ajin ya karɓi wayar, ya duba agogon da ke ƙuryar hoton, ya duba na bango, ya ce, "Malam, to yaushe suke sallar asuba?"

Wannan tambaya ta fi duk waɗanda nake sakawa a takardar jarrabawa. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, na dai gaya musu abin da na sani: akwai hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambayi Manzon Allah (SAW) yadda za su yi salla a yinin da tsawonsa ya kai shekara, ya ce su ƙaddara masa lokacinsa. Musulmin Tromso, birnin da ke arewacin Norwe, sukan bi lokutan Makka idan rana ta ƙi faɗuwa ko ta ƙi fitowa. Sauran na bar wa malamin addini, wanda ya zo ya same ni a ofis washegari yana neman a nuna masa shi ma.

Kada mai karatu ya zaci wani wasan kwaikwayo zai gani. Yawancin lokaci ba abin da ke faruwa. Hoton kan tsaya cak, wani lokaci dusa ta toshe gilashin kyamarar ka yini kana kallon fari fat. Ni a wurina nan amfanin yake. Ba mai sharhi, ba kiɗa, ba wanda ya yanke ya haɗa don ya burge ka. Mutanen ma ƙanana ake hango su, ba a gane fuska, wanda hakan ya kwantar min da hankali, don ba na son leƙen asirin bayin Allah. Sai wanda ya riƙa dawowa yake ganin canji. Wajen ƙarshen Janairu wani shuɗin haske kan ɗan bayyana da tsakar rana, ya jima kaɗan ya ɓace. Mako na zagayowa sai ka ga ya ƙara daɗewa, har kawunan duwatsu su fara yin ja. Daga wajen 20 ga Afrilu kuma sai lamarin ya juye, rana ta ƙi faɗuwa har ƙarshen Agusta, ka farka tsakar dare ka tarar ana ta kai-komo a titi da inuwa a ƙasa. Mu a Kano da Katsina, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, shi ya sa abin ke wa yaranmu wuyar haɗiya.

Kuma garin ba bare ba ne a wurinmu yadda ake zato. A cikin dutsen da ke kusa da filin jirginsu akwai rumbun ajiyar irin shuka na duniya, wanda aka buɗe a Fabrairun 2008, ana ajiye iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Cikin akwatunan farko da aka shigar har da na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ɗauke da irin wake da gurjiya da masara da waken suya. Ba ajiyar ado ba ce: a 2015, da yaƙin Siriya ya raba masu bincike da rumbunsu na Aleppo, Svalbard suka je suka karɓo irin da suka ajiye. Ɗan manomi ya kamata ya san cewa akwai irin waken gonar ubansa a wancan duhun.

Wani gargaɗi ga samarinmu masu zumuɗin fita, don na ji an fara yaɗa cewa Svalbard ba a neman biza. Gaskiya ne, albarkacin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1920 a kan tsibiran. Amma jirgin ta Norwe yake bi, kuma Norwe sai da bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai. In ka isa, ba tallafin gwamnati, wanda ya kasa riƙe kansa gwamnan tsibirin na da ikon sallamarsa. Bayan gari kuwa ba a fita sai da abin kare kai, galibi bindiga, saboda farin beyar. Kallo daga gida ya fi arha.

Roƙona, Malam Edita, ku ware ɗan akwati a shafin ƙetare, ko da sau ɗaya ne a mako: hoto guda daga irin waɗannan kyamarori, sunan garin, lokacin fitowar rana da faɗuwarta a can da kuma a nan. Malamai za su yanke su liƙa a bangon aji. In kuna neman ranar farawa, ga 8 ga Maris. Ko da yake rana na hawowa tun tsakiyar Fabrairu, duwatsu kan tare ta, sai a wannan ranar haskenta ke sauka cikin garin, yara da manya su taru a matattakalar tsohon asibiti suna jiranta.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin labarin ƙasa, daga Funtuwa