Rahoton Ayyukan Shekara: Littattafan Hotuna da Yaran da Suka Fara Rubuta Nasu

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum. Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka damƙa masa a shekarar da ta ƙare.

A babban taron bara mun tsaya a kan ma'auni guda: littafin da za mu miƙa wa yaro ya zama wanda idan ya rufe shi zai ce shi ma yana da nasa labarin. Da wannan kwamitin tantancewa ya yi aiki. An ajiye littattafai da dama a gefe, wasunsu ma bugu ne mai kyau, saboda a shafin ƙarshe sai wani babba ya fito ya warware matsalar, ya kuma karanto wa yaro darasin da zai ɗauka. Waɗanda muka riƙe su ne waɗanda yaro ke ƙirƙiro abu, a yi masa dariya ko abin ya lalace a hannunsa, ya sake gwadawa ta wata hanya. Da yawa mun samo su ne daga shafukan intanet biyu na littattafan yara, African Storybook da kuma StoryWeaver, wanda Pratham Books ta Indiya ta buɗe a 2015. Lasisin Creative Commons da ke kansu ya ba mu damar fassarawa da bugawa, muddin an ambaci masu aikin na asali.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, ya kuma fi ba mu mamaki, shi ne zaman karatu da littattafan da babu rubutu a cikinsu sai hotuna. Da farko wasu iyaye, har da wasu daga cikinmu, sun ce wannan ai ɓata takarda ne. Ba mu ne muka fara ba. Ƙungiyar IBBY ta ƙasa da ƙasa mai kula da littattafan yara, wadda aka kafa a Zurich a 1953, ta soma tara irin waɗannan littattafai a 2012 domin yaran 'yan gudun hijira da ke sauka a tsibirin Lampedusa na Italiya, inda harsuna suka bambanta amma hoto kowa yana gane shi. A wurinmu abin da muka gani shi ne, yaron da bai iya haɗa baƙi ba, wanda kullum yake laɓewa a baya, shi ya koma mai yawan magana. Shafi ɗaya, wannan ta ce tsuntsun gudu yake yi, wancan ya ce neman uwarsa yake. Doka ɗaya muka kafa wa masu sa kai: kada a ce wa yaro "ba haka ba ne". A tambaye shi, me ya gani a hoton da ya sa ya faɗi haka? Riƙe baki ya yi wa manya wuya fiye da yadda magana ta yi wa yara, musamman waɗanda suka daɗe suna koyarwa a aji.

Wannan ya kai mu ga horo a kan yabo. Binciken da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi saurin karaya idan aiki ya gagare su, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Saboda haka muka rage "kai gwani ne", muka koma faɗin abin da ido ya gani: ka canja launi a nan, me ya sa?

Ranar 2 ga Afrilu, ranar littattafan yara ta duniya da ake yi tun 1967 a ranar haihuwar marubucin tatsuniyoyin yara Hans Christian Andersen, kowane yaro ya haɗa nasa littafin. Takarda ɗaya ake ninkewa gida takwas, a tsaga tsakiya da almakashi, a sake ninkewa, sai ga ɗan littafi mai shafi takwas ba zare ba gam. Wasu sun cika shi da zane, wasu suka faɗi labarin babba ya rubuta musu yadda suka faɗa, ba gyara. Kowa ya sa sunansa a bango. Sannu a hankali ƙwarya ta bi ƙwarya, ƙannen da suka zo rakiya su ma suka nemi takarda.

Shirin buga zaɓaɓɓun labaran yaran bai kammala ba. Maɗaba'a tana buga shafuka da yawa a babban falle ɗaya kafin a ninke a yanke, shi ya sa littafin hotuna yakan zo da shafi 24 ko 32, kuma abin da muka tara bai dace da ko ɗaya ba. Ana sake tsara shi. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana cikin rahoton ma'aji.

A shekara mai zuwa muna neman mambobi masu iya zane da masu fassara, su ba sakatare sunayensu. Akwai kuma magana ɗaya da za a kaɗa ƙuri'a a kanta a wannan taro: wasu sun ba da shawarar a ɗauko ƙwararren mai zane ya gyara zanen yaran kafin a buga. Ra'ayin kwamiti shi ne a bar su yadda suke, a gyara hasken hoton kawai domin ya fito sosai a bugu.