Waya ba ta juya tsohuwa a kan gado

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo ranar Asabar ya ɓata mini rai, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda mai gabatarwa ya bar shi yana ta zuba, bai tare shi ko sau ɗaya ba. Wai gidajen kula da tsofaffi na Ingila sun shirya tsaf domin sauyi, tunda gwamnati ta sa burin kashi 80 cikin 100 su bar takarda su koma na'ura kafin Maris na 2024. Don Allah, ya taɓa yin aikin dare a irin gidan nan?

Ni sana'ata ke nan. Da aka kawo mana wayoyin shigar da bayanan tsofaffi, manaja ta tara mu ta nuna mana inda ake dannawa, shi ke nan wai an horar da mu. Ba wanda ya tambayi masu aikin dare ko intanet na kaiwa saman bene. Ba ta kaiwa. Mu biyu ake bar wa hawa guda cike da tsofaffi. Wasu sai an juya su duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama su, wasu kuma ba sa ɗaguwa sai mutum biyu sun kama injin ɗaga su. In ƙararrawa uku suka kaɗa lokaci guda, wa za ka bari? Shi ya sa gab da asuba za ka ga abokiyar aiki ta raɓe inda intanet ke kamawa tana danna "an juya", "an ba da ruwa". Ofis ya ga komai ya cika ya yi murna, tsohuwa kuwa tana kan gefen da ta kwanta tun sha biyun dare.

Baƙonku ya ce yanzu kowa na iya kai rahoton kuskure ba fargaba. Wata baiwar Allah ta zame a banɗaki, na rubuta yadda abin ya faru ban ɓoye komai ba. Da safe tambayar farko ita ce wa ke bakin aiki. Ba a tambayi me ya sa mutum ɗaya ke riƙe da ita ba, alhali takardarta ta ce biyu. Mako na zagayowa aka rage mini awannin aiki. Sauran sun gani, kowa ya kama bakinsa.

Kuma ku sani, da yawanmu mun shigo ne bayan Fabrairun 2022 da aka buɗe bizar wannan aiki, kuma takardar zamanmu a ɗaure take da mai gidan. In ya sallame ka, kwana 60 ake ba ka ka nemi wani ko ka tattara. Wanda ya ci bashi ya zo, iyaye na jiran aike a gida, shi ne zai ɗaga waya ya kira hukumar CQC mai sa ido kan irin waɗannan gidaje? Dokar kare masu fallasa tana nan tun 1998, amma ba ita ke rubuta jadawalin aiki ba.

Da mai gabatarwa ya yi shiri, da ya tuna masa gidan Orchid View na kamfanin Southern Cross. A 2013 bincike ya tabbatar sakaci na da hannu a mutuwar tsofaffi 5 a can. Ba rashin takardu ya kashe su ba. Ma'aikaciyar ofis aka sa ta yayyaga bayanan wata tsohuwa da aka ɗura wa maganin tsinka jini fiye da kima, daga baya ta kai maganar ga 'yan sanda. In shugabanni ba sa son jin gaskiya, takarda da waya duk ɗaya ne.

In za ku sake wannan shiri, ku nemo mai aikin dare ku sakaya sunanta, ku bar masu zaman ofis su huta.

Sannan kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin labarai ya yi ƙarfi. Mahaifina a Zariya ya ce sai ya manna rediyo a kunne kafin ya tsinci abin da ake faɗa. Ku rage shi.

Mai sauraronku,
daga arewacin Ingila