Wasiƙa daga Daura: Batun waƙoƙin Shata da ka ce a haɗa maka

Daura,
Jihar Katsina.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya karatu, ya kuma zaman Malesiya? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An gama girbi, gero ya yi kyau ta wajen Zango da Sandamu, wake ne dai bai yi yadda aka so ba. Hajiya tana gaishe ka ƙwarai.

Saƙonka ya iso, wanda ka ce in haɗa maka waƙoƙin Alhaji Mamman Shata duka a memori ɗaya, tun daga na farko har na ƙarshe, don kewar gida ta dame ka. Na yi dariya da na ga ka rubuta "duka", har da ja masa layi. Mutumina, wannan aikin ya fi ƙarfin memori. Amma na yi abin da ya sawwaƙa, kuma ina so in yi maka bayanin yadda na tsara shi, don kada ka buɗe ka ga waƙa ɗaya sau huɗu ka ce na cika maka wuri a banza.

Da farko kasuwa na nufa wajen yaran nan masu tura waƙa. Wani ya juyo mini da kwamfutarsa, ya ce yana da Shata cikakke, ba abin da ya rage. Na ja benci na zauna. Jerin sunayen ke nan: Shata 1, Shata 2, Shata tsohuwa, Shata sabuwa, sauran kuma lambobi ne zalla. Wata an yanke mata kai, kawai sai ka ji 'yan amshi sun kama gindin waƙa ba tare da ka ji farawar jagora ba. Wata tana tsaka da daɗi sai ta tsaya cak, don a nan fuskar kaset ɗin da aka kwafo ta ƙare. Har da wata ta Ɗanƙwairo a ciki, wadda ko kurma ya san ba kalangu ake kaɗawa ba. Na ce masa, "Yaro, wannan fa ba Shata ba ne." Ya ce, "Baba, ai duk tsofaffin ne." Ban ga laifinsa sosai ba. Shata ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, wannan yaron kuwa da ganinsa ko auren iyayensa ba a ɗaura ba a lokacin.

Abin da ya cece ni shi ne wani dattijo a unguwarmu, tsohon direba ne da ya daɗe yana jigila tsakanin Daura da Kano da Funtuwa. Ka san shi, amma bari sai ka dawo. Ya sa jikansa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, kaset-kaset ne cike, kowanne a naɗe cikin leda saboda ƙura. A jikin wasu ya rubuta da biro inda ya saya da shekarar, wasu da boko wasu da ajami. In zare ya tsinke, da jan farcen matarsa yake liƙewa, ya zura biro a ramin ya naɗe a hankali yana hura masa iska. Bai yarda na fita da ko ɗaya ba. Rikoda na aro, na haɗa da kwamfuta, muka riƙa zama a zaurensa bayan la'asar muna kwafa, shi kuma yana ba ni labarin kowace waƙa: wa aka yi wa, me ya ba da, wa ake yi wa habaici a ɗa na uku, wato baiti na uku na waƙar. Rabin darajar abin da zan aiko maka daga bakin wannan tsoho ta fito.

To ga dalilin da ya sa za ka ga maimaici. Shata ba ya zama ya rubuta waƙa ya haddace. Gindin waƙar da kiɗanta su ne a tsaye, 'ya'yan kuwa a wurin yake zuba su gwargwadon wanda ke zaune a gabansa da abin da ya faru a ranar. Saboda haka Bakandamiyar da ya yi a ɗakin ɗaukar faifai daban take da wadda ya yi a filin wasa, ita ma daban take da wadda aka ɗauka a gidan biki. Haka waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wadda mu nan muka tashi da ita a kunne. Ina da zubi da dama nata, kuma babu wanda zan iya cewa shi ne na asali, sauran kwafi. Masu turi suna ɗaukar ɗaya su goge sauran don su rage nauyi. Ni kuwa a ganina wanda ya yi haka ya zubar da ainihin abin da ya sa Shata ya zama Shata, domin gwanintar tana wajen canzawar.

Abin ɗaukar ma yana da hannu a ciki. Tsohon faifan garmaho fuskarsa ɗaya ba ta wuce minti uku zuwa huɗu, dole mawaƙi ya dunƙule zancensa ya yi sauri. Babban faifai irin wanda kamfanin EMI ya riƙa bugawa yana ɗaukar kamar minti 20 a kowace fuska. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970, mai lamba 60 yana ba da minti 30 a fuska, mai lamba 90 kuma minti 45, kuma kowa na iya ajiye rikodarsa a gaban makaɗa ya danna. A nan ne za ka ji Shata ya sake, ya ja waƙa yadda ransa ke so, ana jin guɗa, ana jin sanƙira yana sanar da kyauta, wani lokaci har da kukan jariri ko ƙarar janareto. Na bar duk wannan hayaniyar, ban share ba.

Tsarin da na bi shi ne na shekaru, ba na jigo ba. Na san mutane sun fi son a ware na sarakuna gefe, na attajirai gefe, na direbobi, na noma, na gargaɗi. Wannan yana da amfani ga ɗalibi mai rubuta kundi. Amma kai da kake son ka ji mutumin, gara ka bi shi daga ƙuruciya zuwa tsufa. An haife shi a Musawa a 1923, kuma ba gadon kiɗa ya yi ba, mahaifinsa ma bai so ba. Tallan goro da alewa ya fara yi, yana waƙa a dandali don nishaɗi, kafin ya zauna Bakori, daga baya Funtuwa ta zama gida. In ka saurara a jere za ka ji murya siririya mai gudu tana ƙara kauri, tana rage gaggawa, har ta kai lokacin da yakan yi shiru ya bar kalangu da 'yan amshi su yi ta juyawa, sannan ya jefo magana ɗaya wadda ta fi dogon ɗa nauyi. Ni na fi son wannan Shatan na tsakiya zuwa ƙarshe. Na san kai na farkon kake so, mun sha yin wannan gardamar a ɗakin kwananmu na makaranta, kuma har yanzu ban sauka ba.

Sai dai jera su bisa shekaru shi ne ya fi cin rai, tunda yawancinsu ba kwanan wata. Dabarar da muka yi da tsohon nan ita ce mu kasa kunne ga abin da ke cikin waƙar da kewayenta. In ana kyautar fam da sule, to kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira da kwabo suka shigo, ko da yake dattawa sun ci gaba da lissafi da fam shekaru bayan haka, don haka wannan ita kaɗai ba ta isa hujja ba. In aka ambaci Jihar Arewa ta Tsakiya, tsakanin 1967 da 1976 ke nan, kafin a mayar da sunanta Kaduna. In ka ji Jihar Katsina, daga 1987 ne zuwa sama. In sanƙira ya kira Shata Dokta, to ba kafin 1988 ba ne, shekarar da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Sarauta ma tana taimakawa: Muhammadu Bashar Wamban Daura ne kafin ya hau gadon sarauta a 1966, ya kuma yi mulki har 2007, to duk inda aka kira shi Sarki ka san ta wane gefe waƙar ta faɗo. Wasu kuma su suka zo da shekararsu a goshi, kamar wadda ya yi wa kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka harba zuwa wata a Yulin 1969. Kai, ka duba mutumin da ke yi wa sarki da direba da mahauci waƙa, ya kuma ɗaga kai ya yi wa kumbo, da kalangun nan dai guda.

Akwai tarko ɗaya da nake so ka kiyaye. Kada ka dogara da kaifin murya kaɗai ka ce wannan ta ƙuruciya ce. In batirin rikoda ya yi sanyi lokacin da ake ɗauka, zaren yana tafiya a hankali, to ranar da aka sa shi a rikoda mai lafiya sai waƙar ta yi gudu, murya ta tsine, dattijo ya koma kamar saurayi. In kuma zaren ya miƙe don yawan sakawa, sai ka ji kiɗan yana lilo. Mun ci karo da irin waɗannan da yawa. Kalangu ne ke tona asiri, domin in ya yi ƙara kamar ana kaɗa gwangwani, ka san na'ura ce ta yi ƙarya. Waɗanda na iya na daidaita musu gudu a kwamfuta, na kuma ajiye na asalin a gefe.

Yanzu ga maganar da na san za mu saɓa. Ka ce in cire maka waƙoƙin zambo da na duniyanci, musamman waccan ta mashaya, saboda yara. Na fahimce ka, kuma ban ƙi ta taka ba. Na ware su a jaka daban, na rubuta mata "na manya", sai ka ga dama ka buɗe. Amma ban goge ba, kuma ba zan goge ba. Wanda ya yi waƙar tsayuwa ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wadda tsofaffinmu ke ji su yi hawaye, shi ne dai ya yi waɗancan, kuma bai taɓa ɓoye ko ɗaya ba. In muka tace shi muka bar wa jikokinmu Shata mai wa'azi zalla, mun yi musu ƙarya, kuma duk ranar da suka ji sauran a wani wuri za su daina yarda da mu. Zambon nan ma, in ka cire zafin da ke ciki, a nan Hausarsa ta fi kaifi. Ya yi shi a zamanin da mutum kan rasa barci don an ce Shata ya sa shi a waƙa. Hisabi kuwa na Allah ne, Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta mana.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne makaɗansa da 'yan amshinsa. Duk kaset ɗin da na ɗauka, sunan mutum ɗaya ne a jiki. Alhali in ka saurara da kyau za ka ji lokacin da hannun mai kalangu ya canza, wani yana da nauyin hannu, wani yana da wasa. Inda Shata ya ambaci ɗayansu a cikin waƙa, na rubuta a takardar da na haɗa maka. Takardar tana cikin memorin, kowace waƙa da wanda aka yi wa, da shekarar da muke zato, da dalilinmu na zaton, da inda aka samo kaset ɗin. Inda na sa alamar tambaya, in kunnenka ya kamo wani abu da ya wuce mu, ka gyara ka turo mini.

Batun ɗora su a YouTube da ka kawo, ni dai ina ganin a dakata. Na san wasu sun riga sun ɗora da yawa, amma wannan ba hujja ba ce. Mutumin yana da 'ya'ya da jikoki, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ka ga ke nan da sauran tafiya sai 2069. Ko ba doka, ai akwai kunya. Masu turi suna cin abinci da muryarsa kullum, ba wanda ke tunanin magada. In har za mu fitar da abu mai tsari, to mu je Funtuwa mu gaida iyalinsa, mu nuna musu abin da muka tara, mu ji ta bakinsu. Wataƙila ma suna da abin da ba mu da shi. Ka bari sai ka zo hutu mu tafi tare. Kafin nan sai mu fara ziyartar kabarinsa, tunda a nan Daura aka kawo shi daga Kano aka rufe, saboda abin da ke tsakaninsa da Sarki Bashar.

Memorin yana hannun ƙanen uwargidanka, ya ce jirginsu zai tashi daga Kano farkon wata mai kamawa. Na naɗe shi a takarda na sa cikin ambulan tare da kilishi da ɗan yaji da Hajiya ta ba da, ka tabbatar ya miƙa maka duka, ka san halinsa da kilishi. Da ya iso ka kwafe a kwamfutarka da wani wuri na biyu, don memorin kasuwa ba abin yarda ba ne. Kada kuma ka tura su ta WhatsApp ka ce ka adana, waɗanda suka zaga ta can duk sun rasa armashi. Ka samu abin ji na kunne mai kyau, lasifikar waya tana cinye ƙasan kalangu gaba ɗaya.

Tsohon nan ya ce in gaya maka yana son tocila mai caji in za ka dawo, ita ce ladan zaurensa. Na riga na ce masa ka amsa.

Ka gaida uwargida da yara da duk 'yan uwa Hausawa da ke nan tare da ku. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya dawo mana da ku lafiya.

Wassalam.

Naka,
Amininka na Daura.